Girgije, aljani da jirgin ƙasa: misalan da muke bugawa kan fasaha su ke yanke mana shawara

Duk wanda ke zaman majalisa a cikin garin Katsina, ko ta mai shayi ce a Ƙofar Ƙaura ko ta 'yan boko a bakin jami'a, ya san in hira ta gangaro kan fasahar zamani ba a daɗewa sai wani ya ce "ai abin kaman kaza ne". AI, wato ƙirƙirarriyar basira, kaman aljani ne. Facebook dandali ne. Data, wato bayanan mutane da ake tarawa, ita ce sabon man fetur. Sai kuma babbar maganar da ake rufe kowane taro da ita, "mu tashi tsaye kar jirgi ya bar mu". Ana faɗa ana gyaɗa kai a wuce. Toh ni misalan nan da kansu nake so mu tsaya a kai, don ba adon baki ba ne kawai, shiga kai suke su zauna, daga baya su ne za su gaya wa mutum inda zai zuba kuɗinsa, da abin da zai bar ɗansa ya karanta, da abin da zai yarda gwamnati ta yi da sunansa.

Ba cewa nake a daina buga misali ba, wannan ba mai yiwuwa ba ne. Ɗan Adam ba ya iya kama sabon abu sai ta hannun tsohon da ya sani. Lokacin da injuna masu tafiya da kansu suka fara hawa titi a Ingila, masu yin doka sun kalle su ne a matsayin jirgin ƙasa da ya sauka daga dogo, shi ya sa dokar 1865 ta ce sai mutum ya riƙa tafiya a ƙasa a gaban injin riƙe da jan ƙyalle, gudu kuma kar ya wuce mil 4 a awa a bayan gari, mil 2 a cikin gari. Da ƙananan motoci masu fetur suka fito su ma wannan ƙa'idar gudun ta hau kansu, ba a sassauta ba sai 1896. Mutanen ba wawaye ba ne, hoton da ke kansu ne ya rubuta musu dokar.

An ma gwada abin a aikace. A 2011 wasu masu bincike biyu a jami'ar Stanford ta Amurka, Paul Thibodeau da Lera Boroditsky, sun ba mutane ɗan gajeren labari kan yadda aikata laifi ya yi yawa a wani gari. Labarin ɗaya ne, alƙaluman ɗaya ne, sai dai wasu an rubuta musu cewa laifin kaman dabbar daji ce da ta addabi garin, wasu kuma an ce kaman ƙwayar cuta ce. Da aka tambaye su mafita, waɗanda suka karanta dabba sun fi karkata ga a ƙara 'yan sanda a ƙara kamu da ɗauri, masu ƙwayar cuta kuma sun fi su kawo maganar a binciko tushen matsalar a gyara ilimi da talauci. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne da aka ce su nuna abin da ya sa suka yanke wannan shawara, mafi yawansu alƙaluma suka nuna, ba su ma lura kalma ɗaya ce ta juya su ba.

Mu kuma muna da ma'aunin wannan abu tun tuni a zaurukan karatu. Duk wanda ya ɗan zauna gaban malamin fiƙihu ya ji maganar ƙiyasi, akwai asali, akwai reshe, akwai hukunci, sannan akwai illar da ta haɗa su, wato dalilin da ya sa hukuncin wancan zai hau kan wannan. In babu wannan dalilin, ko kuma akwai wani babban bambanci tsakanin abubuwan biyu, malam zai ce maka ƙiyasinka bai tsaya ba ko da kuwa ya yi daɗin ji. Duk misalin da ake buga mana kan fasaha ƙiyasi ne, ana ɗauko hukuncin tsohon abu a ɗora wa sabo, amma mu da ba za mu karɓi ƙiyasi a mas'alar alwala ba sai mun ji dalili, a nan sai mu karɓa hannu bibbiyu.

Ɗauki abin da Turawa suka raɗa wa suna girgije, wato cloud, inda ake ajiye kayan waya a intanet. Ka sayi sabuwar waya, yaron shago ya ce maka "Alhaji kar ka damu, hotunanka da lambobinka duk suna can sama a ajiye, imel ɗinka kawai za mu sa su sauko". Kuma su sauko ɗin, ka yi mamaki. Hoton da ya shiga kanka shi ne wani abu mara nauyi da ke yawo a sararin sama, ba na kowa ba ne, yana ko'ina, ba a iya kulle shi. Gaskiyar magana kuwa gini ne, wani makeken sito cike da kwamfutoci jere a kan kanta, da na'urorin sanyaya wuri da ba sa hutawa, da janareto, da masu gadi a ƙofa, kamfani ne ya mallake shi, kuma yana cikin wata ƙasa mai nata dokoki. Hukumar makamashi ta duniya ta ƙiyasta irin waɗannan gine-gine sun sha kusan kashi 1.5 cikin ɗari na duk wutar lantarkin duniya a 2024. Saƙonka ma ba ta sama yake bi ba sai ɗan tsakanin wayarka da ƙarfen sabis, daga nan mafi yawan tafiyarsa a cikin waya ce da aka binne a ƙasa har Legas, sannan ya shiga wata wayar da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, irin ta MainOne da ta fara aiki a 2010 daga Fotugal, ko Equiano ta Google da ta iso Legas a 2022.

Ranar 14 ga Maris 2024, muna cikin azumi, huɗu daga cikin irin waɗannan wayoyi suka lalace a tekun da ke wajen Kwaddibuwa, nan take intanet ta yi nauyi a ƙasashe da yawa na Afirka ta Yamma, manhajojin bankuna suka riƙa juyi ba sa buɗewa. Amma mu mutanen jihar Katsina ba sai an je da mu teku ba. A watan Satumba na 2021 an kashe sabis gaba ɗaya a ƙananan hukumomi 13 saboda yaƙi da 'yan bindiga, ciki har da Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari, Funtuwa da Malumfashi, sai wajen ƙarshen shekarar aka dawo da shi. Mutane sun riƙa shiga mota su zo cikin gari don kawai su buga waya ko su ga alat, saƙon rasuwa ya koma sai an aiki mutum ko an ba direba takarda. Ko matakin ya taimaka wa tsaro ko bai taimaka ba wannan muhawara ce daban. Abin da nake so a gani shi ne, abin da ake iya kashewa da umarni ɗaya yana da makunni, kuma makunnin yana hannun wani. Mai tunanin girgije ba zai taɓa tambayar wa ke riƙe da makunnin ba, ba zai ajiye kwafin takardun filinsa a gida ba, ba zai rubuta lambobi goma masu muhimmanci a littafi ba, don a ganinsa sama ba ta ɓata.

Haka maganar dandali take, sai dai ita a fili take ba ta buƙatar dogon bayani. Dandalin unguwa ba shi da mai shi, in ka ɗaga murya kowa zai ji daidai ƙarfin muryarka. Na waya kuwa ana sayar da shi, Elon Musk ya sayi Twitter dala biliyan 44 a 2022, gwamnati na iya rufe shi kaman yadda aka rufe Twitter ɗin a Najeriya daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, kuma akwai lissafin da ke zaɓar maganar wa za a tura gaba ta wa za a danne, abin da ya fi tayar da jijiyar wuya shi ya fi tafiya. Matar da ta gina duk sana'ar turarenta a kan shafi ɗaya ya kamata ta sani haya take a shagon wani, ta tara lambobin kwastomominta a wani wuri.

Misalin da ya fi yi mini ciwo shi ne mainin, wato haƙar kuɗin intanet. A 2024 in ka tsaya wajen masu cajin waya ko teburin mai POS za ka ga saurayi da waya biyu ko uku a cinya, yatsu huɗu suna ta dangwalar allo ba ƙaƙƙautawa, fawa bank na rataye, ido ya yi ja. Na ji wani dattijo ya tambayi ɗaya daga cikinsu, "Kai ɗana me kake ta bugu haka tun ɗazu?" Yaron bai ko ɗago ba ya ce "Baba haƙa nake, in ta fashe har Makka sai na kai ka". Yaron nan ba malalaci ba ne, wallahi ƙwazon da ya sa a wannan abu in aka ba shi aikin yi na gaske zai riƙe gida. Kuma ba haka kawai ya yarda ba, wani wasan dangwale mai suna Notcoin ya ba wasu kuɗi na gaske a watan Mayu na shekarar, labari ya bazu. Amma da Hamster Kombat, wata irinta, ta fito kasuwa a 26 ga Satumba 2024, bayan masu ita sun ce mutum miliyan 300 ne suka shiga, abin da mafi yawan mutane suka samu bai taka kara ya karya ba, wasu ko kuɗin datar da suka ƙona bai mayar ba.

Me kalmar haƙa ta yi a nan? Ta sa masa hoton akwai zinare kwance a ƙasa, duk wanda ya fi daɗewa yana sara shi zai fi samu. A Bitcoin inda aka fara amfani da kalmar, manyan injuna ne ke tseren warware lissafi suna shan wuta mai yawa don tabbatar da cinikin da ake yi, wanda ya riga sai tsarin ya ba shi lada, ko can ɗin ma ba a tono komai daga ko'ina. A wasan dangwale kuwa ko wannan lissafin babu, yatsan yaron ba ya samar da komai. Abin da ke kawo kuɗi shi ne yawan mutanen da aka tara, da bidiyon da ake sa su kalla, da tashoshin da ake sa su bi, da abokan da suke gayyatowa, kuma duk lokacin da mutane suka ƙaru rabon kowa raguwa yake. Da tun farko an ce masa "zo ka kalli talla na wata shida, wataƙila a ba ka wani abu a ƙarshe, wataƙila a hana", da ya yi lissafinsa daban.

Yanzu ga babbar magana, AI, ko ƙirƙirarriyar basira kaman yadda gidajen rediyo ke faɗa. Sunan ma kansa misali ne, John McCarthy da abokansa suka sa shi don wani taro da suka yi a kwalejin Dartmouth a 1956, tun ana fata ne kawai. Kuma tsohuwar al'ada ce kowane zamani ya kwatanta ƙwaƙwalwa da injin da ya fi burge shi, a zamanin Descartes, masanin falsafa ɗan Faransa, an ce kaman bututun ruwa ne ke motsa jiki, da tangaraho ta zo aka ce jijiyoyi wayoyi ne, daga baya aka ce kwamfuta ce. Mu kuma yanzu mun juya abin, muna ce wa kwamfutar ƙwaƙwalwa, muna cewa "ta yi tunani", "ta sani", "ta gane".

Abin da ke faruwa a ciki, a taƙaice, irin su ChatGPT da ya fito a ƙarshen Nuwamba 2022 an ɗura musu rubutu ne mai yawan da ba mutumin da zai iya karance shi, aka horar da su su riƙa hasashen guntun kalmar da ya fi dacewa ya biyo baya, aka maimaita wannan har suka kama tsarin yadda magana ke tafiya da yadda bayanai ke haɗuwa da juna, sannan aka sa mutane suna duba amsoshin suna nuna wacce ta fi. Mutane fa, masu jini a jika. Mujallar Time ta ba da rahoto a Janairu 2023 cewa ma'aikata a Kenya da ake biya ƙasa da dala 2 a awa ne suka zauna suna karanta munanan rubuce-rubuce suna yi musu alama don a koya wa injin ya guje su. Rubutun da aka horar da shi kuma na mutane ne, kuma da yake Hausar da ke intanet kaɗan ce in aka gwada da Turanci, shi ya sa za ka ga in ka tambaye shi da Hausa ko kan tarihin Daura yakan yi tuntuɓe fiye da in ka tambaye shi kan Landan.

Toh in ka ce aljani ne, duk waɗannan mutanen sun ɓace daga hoton, kamfanin ya ɓace, kuɗin wutar ya ɓace, saura wani abu mai sanin gaibu. Kuma aljani hanya biyu kawai ake bi da shi, ko a guje shi ko a nemi biyan buƙata a wurinsa. Shi ya sa muke da uban da zai hana 'yarsa taɓa abin kwata-kwata alhali zai iya taimaka mata ta gane darasin kimiyyar da malami ya yi sauri a aji, muke kuma da wanda zai kwashe jarinsa ya ba masu cewa injinsu na AI ne ke yin ciniki yana ninka kuɗi cikin kwana 30. Irin alƙawarin da CBEX, wata manhajar zuba jari, ta yi kenan kafin ta rufe da kuɗin jama'a a Afrilu 2025 har EFCC ta shiga bincike. Wanda ya san hasashe injin ke yi zai tambaya, in da gaske yana ninka kuɗi duk wata, me masu shi za su yi da dubu ɗari biyu na?

Wasu kuma malami suka ɗauke shi, wannan ta fi kusa da gaskiya amma ta fi haɗari ta wani ɓangaren. Yana bayani da haƙuri, ba ya gajiya da tambaya, ba ya yi maka tsawa. Sai dai mu a wurinmu malami ba wanda ya iya bayani ba ne kawai, wanda ake sanin a wurin wa ya yi karatu ne, wanda in ya ce hadisi ne zai buɗe maka littafi ya nuna, wanda yake jin nauyin ya faɗi abin da bai sani ba don ya san za a tambaye shi. Injin zai iya jero maka magana mai kama da hadisi da sunan littafi da lamba, da cikakkiyar natsuwa, alhali haɗa ta ya yi don ta yi kama da irin abin da ake faɗa a wannan gurbin. Ba mu kaɗai abin ke kamawa ba, a 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun shigar da takarda mai ɗauke da shari'o'in da ba a taɓa yi ba, ChatGPT ne ya ƙirƙiro musu. In lauya zai faɗa wannan rami, ina ga ɗalibin da ke neman fatawa da tsakar dare?

Akwai masu cewa aku ne kawai, maimaita abin da ya ji yake. Emily Bender da Timnit Gebru da abokan aikinsu ne suka yaɗa wannan kwatancen a wata takarda ta 2021, kuma ya yi amfani sosai wajen sauke mutane daga kan maganar aljani. Amma shi ma yana da inda yake karyewa, aku ba ya rubuta maka takardar neman aiki daidai da bayananka, ba ya nemo kuskure a lissafin shagonka, ba ya rubuta manhaja. Wanda ya riƙe aku shi kaɗai zai raina abin, ranar da ya ga ana rage ma'aikatan buga takardu da masu fassara a wani wuri sai abin ya zo masa ba shiri. Ni a ganina a nan dole mutum ya riƙe misali fiye da ɗaya a lokaci guda, kowanne ya san iyakarsa, don abin sabo ne da gaske, ba wani tsohon abu guda da ya yi daidai da shi.

Maganar cewa data man fetur ce, wani masanin lissafi ɗan Birtaniya Clive Humby ake danganta wa ita tun 2006. Fetur in ka ƙona ya ƙare, data kuwa ana kwafarta sau dubu tana nan. Fetur a ƙarƙashin ƙasa yake, data kuwa daga jikin mutane take fitowa, fuskarka ce, NIN ɗinka ne, BVN ɗinka ne, lambobin da ke wayarka ne waɗanda manhajojin bashi ke kwasa su riƙa tura wa surukanka saƙon cin mutunci in ka yi jinkirin biya. In aka ce fetur ce, tambayar da za ta biyo baya ita ce wa zai haƙa a raba riba, ba a yi maganar izinin mai ita ba. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yuni 2023, da tarar dala miliyan 220 da hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta ɗora wa Meta, mai Facebook da WhatsApp, a Yuli 2024, sun tsaya ne a kan wani tunani daban, cewa bayanan mutum amana ce a hannun wanda ya karɓa.

Misalin da na ga ya fi tsayawa da ƙafarsa shi ne na Andrew Ng, wani masanin AI, da ya ce AI ita ce sabuwar wutar lantarki, amma fa in an karanta shi daga nan inda muke. Shi yana nufin za ta shiga kowace sana'a kaman yadda wuta ta shiga. Mu kuma mun san sauran labarin wuta, mun san akwai unguwar da aka ja wa layi da wadda ba a ja wa ba, mun san a Afrilu 2024 an ƙara kuɗin wuta wa masu Band A, wato waɗanda aka yi wa alƙawarin samun wuta fiye da kowa, mun ga yadda Arewa ta kwana cikin duhu fiye da mako a Oktoba 2024 da manyan layuka suka lalace, mun ga injunan iska na Lambar Rimi masu megawat 10 da aikinsu ya ci fiye da shekara 10. Wato kayan su iso ba shi ne an samu ba, sai da gyara da ma'aikata da wanda zai iya biya.

Sai jirgi. Wannan shi ne uban su duka don shi ba kan wata na'ura ɗaya yake magana ba, kan gobe yake magana gaba ɗaya. Jirgin ƙasa dogo ɗaya gare shi, wani ne ya shimfiɗa, wani ne ke tuƙi, tashoshin an riga an yanke su, kai naka kawai ka yi sauri ka hau. Muna ma ganin na gasken da idonmu, layin Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairu 2021, wanda zai bi ta Daura da Katsina da Jibiya, garin da layin ya bi ya bi, wanda bai bi ba sai dai ya zo tasha. A dogo haka abin yake. Amma wa ya ce gobe haka take? In ka yarda gobe jirgi ce, duk tambaya ta zama ɓata lokaci, wanda ya ce "tsaya, wannan abin wace matsala zai magance mana" sai a ce ɗan ƙauye ne mai ja da baya. Da wannan tunanin ne ake jibge kwamfutoci a ɗakin makarantar da ba wuta ba malamin da zai koyar, a ɗauki hoto a kulle, ƙura ta rufe su. Ƙanwarsa ita ce maganar ambaliya, "abin nan zuwa zai yi ko muna so ko ba ma so", ita ma tana cire hannun mutane daga abin da mutane ne ke zama a ofis suna yanke shi.

Duba abin da ya faru da kuɗi. An ƙaddamar da eNaira, kuɗin intanet na Babban Banki, a 25 ga Oktoba 2021 da babban biki, Najeriya ta zama ta farko a Afirka, mun hau jirgi da wuri kenan, amma jama'a ba su ɗauka ba don ba su ga abin da ta ƙara musu ba. Sannan aka zo da canjin kuɗi, farkon 2023 aka matse takardar naira da fatan a tura kowa cikin tsarin transfa da ƙarfi, muka ga layuka a bankuna, muka ga mai tumatir a kasuwar ƙauye da ba shi da akawun yana kallon kayansa na lalacewa, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke a 3 ga Maris 2023 cewa tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki. Abin da ya zauna da gindinsa kuwa shi ne ɗan teburin mai POS a bakin titi da lema, don shi ya dace da yadda mutane ke rayuwa, akwai fuskar da ka sani, in kuɗi ya maƙale akwai wanda za ka riƙe. Haka wayar salula, da GSM ya shigo a 2001 ba wanda ya tsara cewa tsohuwar da ba ta karatun boko za ta riƙa gudanar da adashi da saƙon murya a WhatsApp, ko manomin rani zai haɗa famfo da sola ya huta da sayen fetur. Mutane ne suka ɗauki abin suka lanƙwasa shi, fasinja kuwa ba ya lanƙwasa dogo.

In dole sai na kawo nawa misalin, ni na fi ganin sabuwar fasaha kaman sabon iri da aka kawo wa manomi. Ba manomin kirki da zai ƙi shi don kawai baƙo ne, ba kuma wanda zai shuke duk gonarsa da shi a shekarar farko don an ce masa a wata ƙasa ya yi albarka. Gefe guda yake warewa ya gwada, ya ga ko yana son ƙasarsa, ko yana jure ƙarancin ruwa, nawa yake ci na taki, tsohon irinsa kuma yana nan a rumbu. Makarantar da ke son shigo da AI za ta iya farawa da aji ɗaya da malami ɗaya da ya fahimci abin, a duba bayan zango ɗaya ko yaran sun fi iya rubutu da kansu ko kwafa kawai suka ƙware a kai. Ɗan kasuwa ya gwada shi a lissafin kaya yana riƙe da littafinsa.

Shi ma wannan ƙiyasin yana da inda ya gaza, kuma wurin yana da muhimmanci. Manomi shi ke da gonarsa, in bai so ba ba zai shuka ba, amma haɗa NIN da layin waya ba wanda ya tambaye ka, in banki ko hukumar jarrabawa ta koma intanet kai ma dole ka bi, irin wannan sai dai a yi magana da murya ɗaya ta hannun ƙungiyoyi da wakilai tun kafin a yanke. Inda ya dace sosai kuwa shi ne wajen kuɗi, akwai irin da ba a ajiye shi a sake shukawa, duk shekara sai ka koma ka saya, kuma mafi yawan manhajojin nan haka suke, haya ce ta wata-wata da dala, ga data a kai. Dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin Yuni 2023, cikin 2024 ta haura 1,500, sannan a Janairu 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Duk makaranta ko asibiti ko shagon da zai ɗora aikinsa a kan irin wannan, kafin ya sa hannu ya lissafa kuɗin shekara ta uku ba ta farko ba, ya kuma tambaya a rubuce ko zai iya kwashe bayanansa ya tafi da su ranar da ya kasa biya.